Nas da Mataimakiyarta: Ina Iyakar Aikin Kowa?

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin majinyata na babban asibiti ya san cewa likita baƙo ne a wurin. Yakan zo zagaye da safe, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Waɗanda ke kwana su tashi da majinyaci su ne ma'aikatan jinya, su ma kuwa iri biyu ne, ko da yake mara lafiya ba kasafai yake iya bambanta su ba. Akwai nas, wadda ta yi shekara uku ko fiye tana karatu, ta ci jarrabawa, aka sa sunanta a rajistar hukuma, ana kuma iya ƙwace lasinta idan ta yi ganganci. Akwai kuma mataimakiya, wadda ke yi wa majinyaci wanka, ta canza masa zanen gado, ta ba shi abinci a baki, ta kawo fo ta ɗauke, ta juya shi idan ba ya iya juyawa da kansa. A ƙasashe da dama ma ita ce ke auna zafin jikinsa da bugun zuciyarsa. Maza na yin duka ayyukan biyu, amma da yake mata sun fi yawa a cikinsu, da sigar mace za a ci gaba da ambatonsu.

Mutane da yawa, har da wasu shugabannin asibiti, sun ɗauka cewa zaman waɗannan biyun batu ne na ladabi da sanin na gaba kawai: wannan ta ba da umurni, waccan ta bi. Wasu kuma, musamman masu riƙe da lalitar asibiti, kallon mataimakiya suke a matsayin nas mai araha, wadda za a iya ɗaukar biyu da albashin ɗaya. Duka ra'ayoyin biyu kuskure ne, kuma kuskure ne da ake biya da rayukan mutane. Aikin jinya ya rabu gida biyu: hannun da ke taɓa majinyaci yana wurin mutum ɗaya, ilmin da ke fassara abin da hannun ya ji yana wurin wani. Idan aka bar rata tsakaninsu, a nan majinyaci ke faɗawa. Ba a kuwa taɓa ganin faɗin wannan rata a fili ba kamar yadda aka gan ta a wani asibiti na ƙasar Ingila.

Abin da ya faru a Stafford

Stafford ƙaramin gari ne a tsakiyar Ingila, arewa da birnin Birmingham. Tsakanin shekarar 2005 da 2009, babban asibitin garin ya zama wurin da majinyata, galibinsu tsofaffi, suka ɗanɗana kuɗarsu. An riƙa barin mutane kwance cikin fitsari da bayan gida na tsawon sa'o'i. Ana ajiye abinci da ruwa inda hannun majinyaci ba ya kaiwa, daga baya a zo a kwashe ba a taɓa ba. Mara lafiya ya danna ƙararrawar neman taimako har ya gaji, ya yunƙura da kansa zuwa banɗaki, ya faɗi. A sashen gaggawa kuwa, akwai lokutan da ma'aikatan karɓar baƙi, waɗanda ba su da horon lafiya, su ne ke tantance wanda ciwonsa ya fi tsanani. Wata mata mai suna Julie Bailey, wadda ta yi makonni tana jinyar mahaifiyarta a asibitin har tsohuwar ta rasu a 2007, ita ce ta haɗa kan iyalan da abin ya shafa suka yi ta ƙorafi har hukuma ta saurare su.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Hukumar asibitin ta duƙufa ne wajen rage kashe kuɗi, tana neman tsimin kimanin fam miliyan 10 domin ta samu wani matsayi da zai ba ta 'yancin gudanar da harkokinta. Sai aka rage ma'aikata, aka kuma sauya yadda ake haɗa su. A wasu ɗakunan majinyata, cikin kowane ma'aikatan jinya 10, guda 4 ne kawai nas-nas, sauran 6 mataimaka ne.  A ɗakin majinyata kuwa, an wayi gari nas ɗaya tana fama da rabon magani da ƙarin ruwa da rubuce-rubuce na mutane masu yawan gaske, ba ta da sukunin leƙa abin da mataimaka ke yi, su kuma an bar su da ayyukan da ba a koya musu ba.

Lauya Robert Francis ne aka ɗora wa binciken al'amarin. Rahotonsa na ƙarshe ya fito a watan Fabrairu na 2013 da shawarwari 290. Daga cikinsu akwai cewa a yi wa mataimakan jinya rajista, a tsara musu ƙa'idojin aiki da horo iri ɗaya a duk ƙasar, a kuma bambanta yunifom ɗinsu da alamar sunansu yadda majinyaci zai san da wa yake magana. Wani bincike da gwamnati ta sa 'yar jarida Camilla Cavendish ta gudanar a wannan shekara ya tono abin da ya ba mutane mamaki: mataimakan nan sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na masu kula da majinyata a asibitocin Ingila, sun fi nas-nas daɗewa a bakin gadon mara lafiya, amma babu wani mafi ƙarancin horo da doka ta wajabta musu kafin su fara aiki. Wasu an ba su faifan bidiyo ne kurum su kalla. A sakamakon haka aka ƙirƙiro wata takardar shaidar horon farko a 2015, mai ɗauke da darussa 15 a lokacin. Shawarar yin rajista kuwa gwamnati ba ta karɓe ta ba.

Abin lura a nan shi ne, ba a ɗora laifin Stafford a kan mataimaka su kaɗai ba, ba a kuma ɗora shi a kan nas-nas su kaɗai ba. Tsarin da ya haɗa su ne ya rushe.

Lissafin numfashi

Domin mai karatu ya gane yadda ƙaramin aiki ke zama babba, ya isa a ɗauki misali guda: ƙirga numfashi. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan ƙwayoyin cuta suka bazu cikin jini, ko jini ya riƙa zuba a cikin ciki bayan tiyata, sassan jiki ba sa samun isasshiyar iskar oksijin, sai su fara fitar da wani sinadari mai tsami. Akwai wasu ƙananan ma'aunai da Allah ya halitta a gindin ƙwaƙwalwa da kuma cikin manyan jijiyoyin wuya, masu jin wannan tsami tun yana ɗan kaɗan. Da sun ji, sai su umurci huhu ya ƙara sauri domin fitar da gurɓatacciyar iska, wadda fitarta ke rage tsamin jinin. Shi kuwa awon jini yakan daɗe bai faɗi ba, domin zuciya tana ƙara bugu, jijiyoyi suna tsukewa, jiki yana ta rufa wa kansa asiri. Saboda haka numfashi yakan fara tona asirin ciwo sa'o'i da dama kafin sauran alamomi su bayyana.

To, amma numfashi shi ne awon da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Zafin jiki da bugun zuciya da awon jini duk na'ura ce ke ba da su. Numfashi kuwa, a yawancin ɗakunan majinyata, sai mutum ya tsaya da agogo ya kalli ƙirjin mara lafiya na minti guda cur. Masu bincike sun sha lura cewa lambobin 18 da 20 sun cika yawa a takardun awo fiye da yadda hankali zai ɗauka, alamar cewa ana rubuta su ne da ka. Mataimakiyar da ba a taɓa gaya mata amfanin wannan lamba ba, me zai sa ta ɓata minti guda a kanta alhali gadaje goma na jiranta? Idan ma ta ƙirga da gaskiya ta samu 26, ta rubuta, ta rataye takardar a ƙafar gado, amfanin me aka yi idan nas ba za ta gani ba sai bayan sa'a huɗu?

Wannan matsala ce ta sa Kwalejin Likitoci ta Landan ta fito da wani tsarin ba da maki a 2012, ta kuma sabunta shi a 2017. Ana duba abubuwa shida: numfashi, yawan oksijin a jini, awon jini, bugun zuciya, zafin jiki, da ko majinyaci yana cikin hayyacinsa. Kowanne yana da maki gwargwadon yadda ya kauce wa ƙa'ida. Numfashi 25 ko fiye, alal misali, maki 3 ne shi kaɗai. Idan jimla ta kai 5 dole a kira wanda zai duba majinyacin da gaggawa, idan ta kai 7 sai a kira tawagar ceto. Hikimar wannan tsari ba ta cikin lissafin ba, domin ɗan firamare ma zai iya haɗa shi. Hikimarsa ita ce ya ba ƙaramar ma'aikaciya baki. Maimakon ta ce "Sista, kamar dai mutumin gado na 7 bai yi mini daidai ba", a ce mata ta jira, yanzu cewa za ta yi "makinsa 6", dole kuma a tashi.

Haka abin yake ga gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe ɗaya, nauyin jikinsa yana danne ƙananan hanyoyin jini a inda ƙashi ya matso kusa da fata, kamar ƙugu da diddige da ƙashin gindi, naman wurin ya fara mutuwa. Shi ya sa aka saba juya irin wannan majinyaci bayan kowace sa'a biyu ko makamancin haka. Littattafan Turawa sun ce alamar farko ita ce jan da ba ya gushewa idan an danna shi da yatsa. A jikin baƙar fata kuwa jan ba ya fitowa sosai. Sai dai wurin ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi ɗumi, ko ya yi tauri. Wadda ke yin wanka ita kaɗai ce ke ganin waɗannan wurare kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an koya masa cewa ɗigon da yake gani yoyo ne.

Abin da alƙaluma suka nuna

Masu ra'ayin araha suna da hujja, ba a kuma ce hujjarsu ta banza ba ce. Horar da nas yana cin shekaru da kuɗi, nas-nas ɗin ba su wadata ba ko a ƙasashe masu arziki, kuma babu hikima a ce wadda ta yi shekara uku tana karatu ita ce za ta wuni tana shimfiɗa zannuwa. Sai dai tambayar ita ce: ƙari ake yi ko musanya?

Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka, tare da abokan aikinta na Turai, sun bi diddigin wannan tambaya a asibitoci 243 na ƙasashe shida, wato Beljiyam, Ingila, Finland, Ireland, Sifen da Suwizalan. Sakamakon da suka buga a 2017 ya nuna cewa inda aka cire nas ɗaya aka maye gurbinta da mataimakiya ga kowane majinyata 25, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata ya ƙaru da kashi 21 cikin 100. A kula: ba ana nufin mutum 21 cikin 100 za su mutu ba. Ana nufin idan a da ana rasa mutum biyar, to yanzu za a rasa kimanin shida. Irin wannan bincike kuma dangantaka yake nunawa, ba ya tabbatar da dalili ɗari bisa ɗari, domin asibitin da ke tsimin nas wataƙila yana tsimin wasu abubuwan ma. Duk da haka, binciken da ake ta maimaitawa a ƙasashe daban-daban yana fuskantar alƙibla ɗaya.

Wanda ya fi ƙayatarwa shi ne na Farfesa Peter Griffiths na Jami'ar Southampton, wanda aka buga a 2019. Sun duba bayanan majinyata fiye da 138,000 a ɗakuna 32 na wani babban asibiti a kudancin Ingila, rana bayan rana. Kowace rana da majinyaci ya yi a ɗakin da nas-nas suka gaza yawan da aka saba, haɗarin mutuwarsa ya ƙaru da kashi 3 cikin 100. Game da mataimaka kuwa sai aka ga abu mai fuska biyu: idan sun yi ƙaranci haɗari yana ƙaruwa, idan kuma sun yi yawa fiye da kima, nan ma yana ƙaruwa. Fuska ta farko ta isa amsa ga nas ɗin da ke ganin mataimakiya ba ta da wani tasiri. Ta biyun kuma amsa ce ga akanta. Bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne, kowace mataimakiya da aka ƙara tana buƙatar wadda za ta sa mata ido, lokacin nas kuwa ba ya ƙaruwa.

A nan ne ya kamata a faɗa wa nas-nas gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba. Ƙa'idar aikinsu a ko'ina ita ce, nas tana iya miƙa aiki, amma ba ta iya miƙa alhakin shawarar da ta yanke ta miƙa shi. Kafin ta ce "je ki auna shi", wajibinta ne ta tabbata cewa wadda ta aika ta iya, cewa halin majinyacin bai yi tsananin da sai ita da kanta ba, ta faɗi abin da take so a dawo mata da shi da lokacin da take so, sannan ta bi sawu. Nas ɗin da ke ganin cewa ɗaukar fo ya yi mata ƙanƙanta, har ta bar majinyaci cikin ƙazanta tana neman mataimakiya a wani ɗakin, ta yi asarar abu biyu: ta zubar da girmanta a idon abokiyar aikinta, ta kuma rasa damar ganin launin fitsari da yanayin fata, waɗanda littattafan da ta karanta suka ce ta duba. Ita ma mataimakiya tana da nata. Wadda ta shekara 20 a ɗaki ɗaya takan san abubuwan da sabuwar nas ba ta sani ba, wannan kuwa yakan ja ta ga ɗayan biyu: ko ta raina yarinyar ta ƙi kai mata rahoto, ko ta fara taɓa allura da magani don ta ga ana yi. Ganin ana yi daban, sanin abin da za a yi idan ya ɓaci daban.

Darasi ga Nijeriya

Labarin Stafford na Ingila ne, amma ya shafi Nijeriya ta hanya madaidaiciya. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Nas da Ungozoma ta Nijeriya ya bayyana cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, da yawansu kuwa Birtaniya suka nufa. Gurbin da suka bari ba ya zama wayam, wani ne ke cika shi. A asibitocin gwamnati akwai ma'aikatan ɗaki masu shara da tura keken majinyata, waɗanda sau da yawa aiki ke ja su zuwa bakin gado. Akwai jami'an lafiya na al'umma da aka fi sani da CHEW, masu horon shekara uku da hukumar rajistarsu, waɗanda manufar rabon aiki ta 2014 ta Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba su izinin wasu ayyuka bayan ƙarin horo. A ƙananan asibitocin kuɗi kuma akwai waɗanda ake kira okziliyari, masu koyon aiki a hannun mai asibiti, suna sanye da fararen kaya, jama'a na kiransu nas, alhali hukumar nas-nas ba ta san da su ba. Sai kuma babbar rundunar da ba a lissafa ta a kowane kasafi: 'yan'uwan majinyaci, masu shimfiɗa tabarma a gindin gado ko a baranda. Wanka da ciyarwa da juyawa da ɗaukar fo, waɗanda a Ingila aikin mataimakiya ne mai albashi, a asibitoci da dama na Arewa uwa ce ko ƙanwa ko matar majinyaci ke yin su.

Hana waɗannan mutane taɓa majinyaci ba zai yiwu ba, domin babu wanda zai maye gurbinsu. Ƙyale su kara zube kuma shi ne hanyar Stafford. Abin da ya rage shi ne a amince da samuwarsu, a ba aikin suna na gaskiya wanda ba nas ba, a shata masa iyaka a rubuce, a gindaya masa horo. Amurka tun 1987 ta wajabta aƙalla sa'o'i 75 na horo ga mataimakan da ke aiki a gidajen kula da tsofaffi. Ingila ma daga baya ta buɗe wani matsayi na tsakiya mai horon shekara biyu, wanda aka fara yi wa masu shi rajista a 2019, ya zama tsani ga mataimakiyar da ke son hawa. Makarantun koyon aikin jinya da asibitocin koyarwa na jami'o'i suna da malamai da ɗakunan da za su iya tsara gajeren kwas irin wannan, har da Hausa, tunda da Hausa ake magana a bakin gado.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar doka ko kasafi. A yawancin asibitoci, lokacin miƙa aiki tsakanin masu dutin dare da na safe, nas-nas ne ke tsayawa su yi bayani, mataimakiyar da ta kwana tana juya majinyata tana can tana wanke fo. Shugabar ɗaki na iya kiranta ta tsaya a cikin da'irar, a tambaye ta wanda bai ci abinci ba, wanda fitsarinsa ya ragu, wanda ya fara sambatu da asuba. Ita kuwa 'yar'uwar majinyaci, minti biyar sun isa a ranar kwantarwa a nuna mata yadda ake juya mara lafiya, wuraren da za ta riƙa dubawa a fatarsa, da abubuwa uku da idan ta gani za ta taso nas ko da ƙarfe uku na dare ne: numfashi ya ƙara sauri, hankali ya fara gushewa, ko an wuni ba fitsari. Sharaɗin kawai shi ne, idan ta zo ɗin, kada a kore ta da tsawa.